Yadda Ake Gano Inda Wuta Ke Raguwa Idan Batirin Kyamarar Mota Ya Ƙi Cika

Tun da masu motoci a nan Sakkwato suka fara sanya kyamarar gaban mota tare da batirinta na daban, wato ɗan akwatin nan da ake turawa ƙarƙashin kujera domin kyamara ta ci gaba da gadin mota bayan an kashe inji, tambaya ɗaya ce ake ta maimaita mini. Mai tambaya zai ce ya tuƙa mota daga cikin gari har Tambuwal amma batirin bai kai rabi ba, ko ya ce fitilar caji tana kamawa tana saki, ko kuma filogin yana zafi har ba ya taɓuwa. Kafin ya iso gare ni galibi ya riga ya biya wurin mai wayarin, an dangwala fitilar gwaji ta kama, an sallame shi da cewa batirin ne jabu.

Sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki. Wutar tana barin batirin mota da ƙarfinta, sai ta rage a hanya, a jikin siririyar waya, ko a noti mai fenti, ko a bakin fiyus da ya saki. Fitilar gwaji ba ta jan wutar kirki, saboda haka ko igiyar da ta kusa tsinkewa za ta kunna ta, alhali batirin kyamara yana jan amfiya goma ko fiye. Ba a gane wannan raguwa sai an auna a daidai lokacin da batirin yake cikin shan caji, kuma a kan wannan ne duk matakan da ke ƙasa suka tsaya.

Kayan da za ka tanada

Babban kayan aikin shi ne mitar awon wuta mai nuna lambobi. Ƙaramar nan mai araha da masu kayan lantarki ke sayarwa a kasuwa ta wadatar, muddin batirin cikinta sabo ne, domin idan ya yi sanyi takan ba da lambar da ta fi gaskiya yawa. Mitar da ke da baki kamar awartaki, wadda ake maƙalawa a waya ta faɗi amfiya, ta ninka waccan tsada sau da yawa, kuma masu araha daga cikinsu wutar gida kawai suke karantawa. Idan ba ka da ita kada ka saya saboda wannan aikin.

Sai waya siririya mai tsawon mita huɗu ko biyar da za ka ƙara wa tsinken mita tsawo, da sifana mai lamba 10, da sukurdireba, da filaya, da guntun samfefa, da ɗan giris, da tef, da fiyus biyu ko uku na ajiya irin na motarka. Takarda da biro ma kayan aiki ne a nan, domin lambobin da za ka samu suna da yawa kuma kwatanta su ne zai nuna maka bakin zaren. Ka nemi mutum ɗaya da zai zauna a kujerar direba. Kada ka sayi waya ko wani abin canji tukuna, sai awo ya nuna abin da ya lalace.

Mataki na 1: Tabbatar matsalar ta wuta ce

Abubuwa uku suna kama da raguwar wuta alhali ba ita ba ce, kuma duba su ba ya cin ko kwabo.

Na farko zafi. Waɗannan batura, irin su Cellink Neo da BlackVue B-124X, ƙwayoyin cikinsu na wani nau'in lithiyom ne da ake kira LiFePO4, kuma an tsara su su karɓi caji tsakanin digiri 0 da 45 a ma'aunin Salshiyos. A watannin Afrilu da Mayu iskar garin nan kanta takan haura digiri 40, motar da aka rufe a rana kuwa cikinta yakan wuce 60. Wanda ya fito daga ofis da azahar ya tayar da mota, batirin na iya ƙin karɓar caji ko ya rage shi har sai ya huce, kuma wannan kariya ce, ba lalacewa ba. Idan batirin yana cika lafiya da safe amma yana gardama da rana, sauya masa wuri za ka yi: ƙarƙashin kujera inda iska ke ratsawa, ba tare da an jibga masa darduma ko tsumma ba.

Na biyu gajeriyar tafiya. Batirin da ke ɗaukar wat 76.8 na awa guda, kamar waɗannan biyun da na ambata, yana buƙatar kimanin minti 40 kafin ya cika idan yana caji a amfiya 9, da kusan minti 80 idan a amfiya 5 ne. Mai zirga-zirgar Mabera zuwa Gawon Nama, minti goma tafiya minti goma dawowa, ba zai mayar da abin da kyamara ta sha cikin dare ba ko da wayoyinsa na zinare ne.

Na uku maɓallin zaɓen caji. A jikin batirin, ko a cikin manhajarsa ta waya, akwai wurin zaɓar ƙaramin caji ko babba. Ka duba kada a ce tun ranar da aka ɗaura shi a ƙarami aka bar shi.

Gargaɗi: idan akwatin ya kumbura, ko yana warin ƙuna, ko robarsa ta narke, ka cire shi daga motar ka dakatar da gwaji. Kada ka buɗe cikinsa.

Mataki na 2: Shirya gwajin

Ka bar kyamara ta kwana tana aiki domin batirin ya sauka ƙasa da rabi. Wannan sharaɗi ne, domin batirin da ya cika ba ya jan wuta, kuma wayar da ba a jan wuta a cikinta ba ta nuna aibinta. Ka yi aikin da hantsi ko bayan la'asar, a inuwa, a fili mai iska, ba a rufaffen gareji ba tunda inji zai daɗe yana aiki.

Baƙin tsinken mita a ramin COM, jan tsinke a ramin da ke da alamar V, sannan ka juya maɓalli zuwa 20 a ɓangaren DC.

Gargaɗi: kada jan tsinken ya kasance a ramin da aka rubuta 10A. Idan ka ɗora shi a kan batirin mota a haka, gajeren haɗi ka yi, mitar za ta ƙone ko tartsatsi ya tashi. Ka kuma cire zoben azurfa da agogon ƙarfe, ka tuɓe babbar riga, domin zobe idan ya haɗa sifana da jikin mota yana ƙona yatsa nan take, hannun riga kuma fanka ko fambel na iya fizgarsa.

Mataki na 3: Auna batirin mota

Ka ɗora tsinkunan a kan dalmar batirin kanta, ba a kan maƙalan da aka ɗaure da noti ba. Inji a kashe bayan motar ta kwana, lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6. Idan ka ga 12.2 rabinsa ya tafi, idan kuma ya sauka zuwa 12.0 ko ƙasa, batirin motar kansa yana buƙatar caji ko canji. Zafin garin nan yana rage wa batir kwana, kuma raunannen batir yana wawure wutar altaneto a mintunan farko na tafiya.

Sai a tayar da inji. A silo ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.7. Ka sa mataimakinka ya kunna fitilun gaba da iyakwandishan, ya taka totur kaɗan, ka rubuta abin da ka gani. Idan lambar ta kasa kai 13 duk da totur, matsalar ba ta wayar kyamara ba ce. A duba fambel ko ya saki, a duba altaneto. Amma akwai motocin da kwamfutarsu ke rage cajin da gangan idan ta ga babu nauyi, kuma Honda da yawa haka suke, sai ka ga bolt 12 da ɗoriya inji na aiki, da zarar an kunna fitilu ya haura 14. Irin wannan motar lafiyarta ƙalau, kada a raba ka da kuɗin altaneto.

Kafin ka bar wurin, ka girgiza maƙalan batirin da hannu. Wanda ke juyawa, ko wanda aka cusa wa ƙusa ko guntun gwangwani domin ya kama, ko wanda farin gari ya lulluɓe, a kwance shi a wanke a goge da samfefa a ɗaure da kyau.

Gargaɗi: kada ka yarda a cire kan batir inji na aiki da sunan gwada altaneto. Tsohuwar al'ada ce ta zamanin motocin kafireta, a motar yau kuwa tana iya ƙona kwamfutar inji, kuma batirin kyamarar ma ba zai tsira ba.

Mataki na 4: Auna a bakin batirin kyamara

Inji na aiki, batirin kyamara a jone yana caji, ka auna wutar da ke shiga cikinsa a daidai filoginsa. Ba cire filogin za ka yi ba, domin da ka cire nauyi ya sauka kuma lambar za ta koma kyakkyawa ta yaudare ka. Ta bayan filogin za ka zura tsinkunan, inda wayoyi suka shiga, ja a kan ja, baƙi a kan baƙi, ka kula kada su haɗu da juna. Idan batirinka yana da manhajar da ke nuna wutar da ke shiga, ka duba ta ka kwatanta, amma mita ita ce alƙali.

Yanzu ka ɗebe wannan lambar daga wadda ka samu a batirin mota a yanayi ɗaya. A ce batirin mota 14.1 ne, bakin batirin kyamara 13.8, raguwar 0.3 ce kuma babu laifi. Har zuwa rabin bolt ana iya haƙuri. Daga rabin bolt zuwa ɗaya akwai gyara, abin da ya haura bolt ɗaya kuwa yana nufin wani wuri a hanyar yana dafuwa, domin wutar da ta ɓace zafi take komawa.

Ga dalilin da ya sa abin ke ƙara muni da kansa. Batirin kyamara yana da na'urar da ke ɗaga wutar da ta shigo zuwa kusan bolt 14.2 domin ya yi caji a amfiya 9, wato yana neman wat 128 ko ta halin ƙaƙa. Idan bolt 13.8 ke iso masa, aka haɗa da ɗan abin da na'urar kanta ke ci, amfiya goma da 'yan kai zai ja. Idan 12 ke iso masa, sai ya doshi amfiya 12 domin ya cike giɓin, ƙarin amfiyar kuma ya ƙara raguwar a waya, har wutar ta faɗi ƙasa da iyakar da aka sa masa ya yanke cajin. Da ya yanke, nauyi ya sauka, wuta ta dawo, ya sake kamawa. Wannan shi ne kamawa da sakin da mutane ke gani a fitilar, kuma idan ka riƙe tsinkunan na minti ɗaya za ka ga lambar tana hawa da sauka tare da ita.

Mataki na 5: Raba asarar gida biyu

Wuta tana zuwa ta jan waya, tana komawa ta baƙar waya da ƙarfen jikin mota, saboda haka sai an san a wane ɓangare take zubewa. A nan doguwar siririyar wayar za ta yi amfani. Mita ba ta jan wuta, don haka sirantar wayar ba ta ɓata awo.

Ka ɗaura bakinta ɗaya a kan batirin mota mai alamar ragewa, ka jawo ɗaya bakin ta taga zuwa cikin mota ka haɗa da baƙin tsinke, ka ɗora jan tsinken a baƙar wayar filogin batirin kyamara. Ka mayar da maɓallin mita zuwa 2 ko 2000m domin ƙananan lambobi su fito sosai. Abin da ka gani shi ne asarar hanyar komawa, kuma bai kamata ya wuce bolt 0.2 ba.

Sannan ka mayar da doguwar wayar kan batir mai alamar tarawa, ka haɗa ta da jan tsinke, baƙin tsinken kuma a jan wayar filogi. Wannan ita ce asarar hanyar zuwa, 0.3 zuwa 0.4 shi ne abin da za a lamunta. Idan ka tara biyun ya kamata su yi kusa da abin da ka samu a mataki na 4. In ba su yi ba, wani tsinken bai zauna da kyau ba, ka sake.

Gargaɗi: doguwar wayar nan idan tana kan alamar tarawa babu fiyus a tsakaninta da batir. Ka fara haɗa ta da tsinken mita ka naɗe da tef, sannan ka kai ɗaya bakin kan batir, kuma kada ƙofa ko bonet su datse ta.

Mataki na 6: Baƙar waya da notin da aka ɗaure ta

Idan asarar a hanyar komawa take, ka gode wa Allah, domin ita ce mafi arhar gyara, kuma a abin da na gani ita ce ta fi yawa. Tawa motar ma a nan ta kama ni. Mai wayarin da ya ɗaura mini batirin ya ɗaure baƙar wayar a wani noti da ke gefen ƙafar direba, wanda a ido babu abin da ya same shi. Da na koma masa da ƙorafi ya dangwala fitilarsa ta haska, ya ce: "Alhaji, wuta lahiya lau take, batirin ga naka shi ad da matsala." Da na dawo gida na auna, sai ga bolt 0.9 yana ɓacewa a wannan noti kaɗai. Na kwance shi, na tarar zoben wayar yana kwance a kan fenti, ƙarƙashinsa kuma akwai wata 'yar roba da ta riƙe kafet, ga jar ƙurar hunturu ta daskare a zaren notin. Notin da kansa ya yi ɗumi kamar an ajiye shi a rana.

Gyaran shi ne ka kashe inji, ka nemi notin da ya shiga ƙarfen gangar jikin mota kai tsaye, ba ƙarfen da aka ɗaura a kan roba ba kamar yadda wasu ƙarafan cikin dashbod suke. Mafi kyau shi ne wurin da kamfanin motar ya riga ya tara nasa baƙaƙen wayoyin, galibi a bayan robar da ke gefen ƙafar direba ko ta mai zaman gaba. Ka kankare fentin da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli daidai faɗin zoben, ka sa zoben ya kwanta a kan ƙarfen kai tsaye, ka ɗaure tamau, sannan ka shafa giris kaɗan a sama domin damina kada ta kawo tsatsa. Bakin wayar ya kasance da zoben ƙarfe da aka matse da kyau. Zararan waya da aka naɗe a wuyan noti rabinsu ne ke kamawa.

Idan ka gyara wannan kuma lambar ba ta sauka ba, ka duba kaurarar wayar da ta tashi daga batir zuwa jikin mota, da wadda ta haɗa inji da jiki. A motocin da aka taɓa sauke wa inji sau da yawa akan mance da ita ko a bar ta a sake.

Gargaɗi: kada ka ɗaure a notin kujera idan akwai wayoyi masu launin rawaya a kusa, domin na jakar iskar kariya ne. A motar da ke da ɗan na'urar awo a kan batir mai alamar ragewa kuma, jikin mota za ka ɗaure wa baƙar wayar, ba kan batirin ba, in ba haka ba kwamfuta ba za ta san da nauyin da ka ƙara ba.

Mataki na 7: Fiyus da ɗan reshen da aka soka

Idan asarar a hanyar zuwa take, ka bi ta gaɓa gaɓa. Jan tsinke yana nan haɗe da batir ta doguwar waya, baƙin tsinken kuma ka riƙa matsar da shi: bayan fiyus ɗin da aka ɗebi wuta, sai wayar da ta fito daga ɗan reshen, wato abin da ake sokawa a gurbin fiyus don ɗebo wuta, sai bayan kowane haɗi, har filogi. A bayan kowane fiyus akwai ƙananan ƙarafa biyu da suka leƙo, don awo aka bar su. Inda lambar ta yi tsalle, nan ne ɓarnar take. Kowane haɗi ɗaya bai kamata ya ci fiye da bolt 0.1 ba.

Idan tun a akwatin fiyus, kafin wayarka ta fara, an riga an rasa rabin bolt, layin motar ne bai iya ɗaukar nauyin ba. Ko dai an ɗebi wutar daga layi mai rauni, ko makunnin motar ya tsufa. Launin fiyus yana faɗin ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Layin da fiyus ɗinsa 7.5 ne ko 10, wayarsa siririya ce, ba a ɗora masa ƙarin amfiya goma. A nemi layi mai 15 ko 20 wanda ke kawo wuta sai an murɗa makulli, kamar na soket ɗin caji.

Ɗan reshen da ake sokawa a gurbin fiyus, mai ɗaukar fiyus biyu, shi ma yana da nasa laifuffukan. Masu araha da yawa don kyamara kaɗai aka yi su, wayarsu ba ta wuce ta amfiya 10 ba. Wani kuma ƙafafunsa ba girman ramin motar ba ne, sai ya zauna yana rawa. Ka cire fiyus ɗaya na motarka ka tafi da shi kasuwa a ba ka daidai shi. Yana kuma da fuskar da ake soka shi. Gwajin mai sauƙi ne: ka cire fiyus na ƙasa, wato na asalin motar, ka bar na sama kaɗai, ka soka, ka murɗa makulli. Idan wayar ta kawo wuta daidai yake, idan ba ta kawo ba ka juya shi. Wanda aka soka a juye yana tilasta wa wutar ratsa fiyus biyu a jere, kuma na motar ne zai ɗauki nauyin duka.

Gargaɗi: kada a taɓa fiyus na jakar iska, na birki, na famfon mai ko na kwamfutar inji. Kada kuma a ɗaura zaren waya a madadin fiyus da ya ƙone, ko a ƙara masa lamba don ya daina ƙonewa. Ƙarfin fiyus ɗin batirin yana rubuce a takardarsa, shi za a bi.

Mataki na 8: Kaurin waya da ingancinta

Idan babu wurin da lambar ta yi tsalle, sai dai tana ƙaruwa a hankali daga fiyus zuwa filogi, wayar ce ta yi siriri ko ta yi tsawo. Lissafin a amfiya 10, ga wayar tagulla zalla, shi ne: mai kaurin 0.75mm² tana cin kusan bolt 0.23 a kowace mita, mai 1.5mm² tana cin 0.12, mai 2.5mm² tana cin 0.07, mai 4mm² kuma ƙasa da 0.05. Wanda ya kai batirinsa cikin but, mita biyar ke nan, da waya mai 0.75 ya zubar da fiye da bolt ɗaya kafin a yi maganar noti ko fiyus. Da mai 2.5 asarar 0.35 ce. Idan lambar AWG aka rubuta a jikin wayar, ƙaramar lamba ita ce mai kauri: 18 siririya ce, 14 ta yi kusa da 2mm², 12 ta haura 3mm². Ni dai ga batirin da ke ƙarƙashin kujera ba na sa ƙasa da 2.5, ga na but kuwa 4.

A kasuwa kada kaurin roba ya ruɗe ka. Ka sa a fere bakin wayar ka ga zararan da idonka, domin akwai mai ƙatuwar riga da 'yan zarara a ciki. Ka kankari zare ɗaya da wuƙa: idan cikinsa fari ne, alminiyom ne aka yi wa rufin tagulla, kuma asararsa ta fi ta tagulla da rabi ko fiye. Idan ka kara masa ashana, na alminiyom yakan lanƙwashe ya zube, na tagulla kuma ya yi ja ya tsaya. Tagulla zalla ta fi tsada a kowane yadi, amma yadi biyar ko shida ne duka abin da kake buƙata, kuma wannan ne wurin da bai kamata a yi tsimi ba.

Haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da tef shi ne na gaba da za a kwance. Zafin mota yana narkar da gam ɗin tef, haɗin ya saki, ƙura ta shiga. A matse da maƙalin ƙarfe ko a like da dalma, a rufe da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi. Ragowar wayar da aka naɗe aka cusa ƙarƙashin kafet ita ma tsawo ce, ana biyan kuɗinta da wuta.

Gargaɗi: kafin ka yanke ko ka sauya kowace waya, ka kashe inji ka cire kan batir mai alamar ragewa. Wasu rediyoyin mota suna neman lambar sirri bayan haka, ka tabbatar kana da ita.

Mataki na 9: Idan ta soket kake caji

Soket ɗin kunna sigari ba ya ɗaukar babban caji. A amfiya 5 ake barin batirin. Ka zare filogin ka duba tsinin bakinsa da maɓallan gefe, ka goge cikin soket da busasshen tsumma makulli a kashe. Kada ka raba soket ɗin da firjin mota ko famfon taya. Filogin da ke ficewa a kowane gargada maganinsa a koma akwatin fiyus.

Mataki na 10: Sabon layi daga batir

Wannan na wanda mataki na 7 ya nuna masa cewa layin motar kansa ne mai rauni. Za a jawo waya mai 4mm² daga kan batir mai alamar tarawa, a sa mata fiyus a cikin taƙi ɗaya daga batirin, a ratsa da ita ta robar da wayoyin mota ke bi zuwa ciki, nesa da salansa da duk abin da ke juyawa. A tsakani za a sa rile, wato maɓallin da wuta ke kunnawa da kashewa, mai ƙafa huɗu na amfiya 30 ko 40, wanda lambobin ƙafafunsa ke rubuce a jikinsa: 30 ga wayar da ta taso daga batir, 87 ga jan wayar batirin kyamara, 86 ga fiyus ɗin da ke kawo wuta idan an murɗa makulli, 85 ga jikin mota. Da haka tsohon layin ba ya ɗaukar komai sai ɗan abin da rile ke ci, wanda bai kai rubu'in amfiya ba.

Kuɗin wannan mataki ya fi na sauran duka, domin ga waya, ga rile, ga gidan fiyus, ga ladan mai wayarin idan ba da hannunka za ka yi ba. Idan ka ba shi aikin ka tsaya a kansa, ka kuma kai masa wayar da ka saya da kanka. Kafin ka samu sarari, mayar da batirin ƙaramin caji yana rage asarar da kusan rabi, sai dai lokacin cika zai ninka.

Gargaɗi: kada a haɗa batirin kyamara da batirin mota kai tsaye babu rile, domin zai ci gaba da shan wuta inji a kashe har ka wayi gari mota ta ƙi tashi. A Honda masu rage caji, nauyin da aka ɗauka kai tsaye daga kan batir kwamfuta ba ta ganinsa, saboda haka ka sake awon mataki na 3 bayan an gama, ka ga ko wutar na tsayawa sama da 13 a tafiya.

Mataki na 11: Sake awo, sannan ka taɓa da hannu

Bayan kowane gyara ɗaya ka maimaita mataki na 4 ka rubuta sabuwar lambar kusa da tsohuwa, kada ka tara gyara uku sannan ka auna, don ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Idan raguwar ta sauka ƙasa da rabin bolt, ka bar injin ya yi minti goma sha biyar batirin na caji, fitilu da iyakwandishan a kunne, sannan ka bi hanyar da bayan yatsa: fiyus, ɗan reshe, kowane haɗi, noti, filogi. Ɗumi kaɗan ba komai ba ne, amma wurin da ya sa ka janye hannu a sake kwance shi.

Sai ka fita da motar, batirin a ƙasa da rabi, ka kama hanyar Bodinga ka je ka dawo ba tare da ka kashe inji ba, ka duba inda ya kai. Idan wutar da ke shiga filogi tana sama da bolt 13, akwatin bai yi zafi ba, kuma duk da haka bai cika ba, a lokacin ne za ka mayar wa wanda ya sayar maka, ka tafi da takardar da ka rubuta lambobin a kai.